Wa ke duba irin GMO kafin ya iso gonakinmu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a yankin Goronyo, da damina ina noman gero da wake, da rani kuma albasa da masara. Bana yarona ya kawo mani irin wake daga Zariya, ya ce na GMO ne, tsutsa ba ta cin shi. Da na faɗa a majalisa sai aka yi mani ca. Wannan ya ce yana hana haihuwa, wancan ya ce yana kashe ƙasa, wani ya ce in ka ajiye shi baɗi ba ya tsira. Har murya an turo mani ta WhatsApp ana rantse-rantse a kai. To Malam, shin akwai hukumar da ke duba irin nan kafin a sake shi, ko kuwa shigo da shi kawai ake yi? In akwai, me take dubawa, kuma za a iya dogara da ita? Irin na nan cikin leda, ban shuka ba."

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba da damina mai albarka. In na fahimce ka, kana son sanin ko akwai wanda gwamnati ta ɗora wa alhakin tantance irin nan, da abin da yake tantancewa, da kuma ko aikin nasa ya kai ka saki jiki ka zuba irin a gonarka. Hukuma akwai, doka akwai, kuma waken da ke hannunka, in na gaskiya ne, ya shekara goma ana gwajinsa kafin a sake shi. Amsar ko za a dogara da ita ce ke da tsawo, domin binciken da ake yi kafin sakin iri daban, sa idon da ake yi bayan ya shiga kasuwa daban, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Sai mun fara tsefe wani abu da ke rikita zance a majalisu. Ba kowane ingantaccen iri ne GMO ba. Masara mai aure, da shinkafar Faro da ake nomawa a fadamun Wurno da Kwalkwalawa, da irin albasa da tumatir na gwangwani, duk ta hanyar barbara da zaɓe aka samo su. GMO shi ne wanda aka ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta aka dasa masa a ɗakin bincike. Zuwa 2024, amfanin gona uku kacal aka saki ga manoman Najeriya ta wannan hanya: auduga a 2018, wake a 2019, sai masarar TELA a watan Janairun 2024. Babu gero, babu dawa, babu shinkafa, babu albasa. Duk wanda ya nuna maka ƙatuwar albasa ko tumatir mai sheƙi ya ce GMO ne, girman ne ya ruɗe shi.

Doka da masu aiwatar da ita

Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Cartagena, wadda aka ƙulla a 2000 ta fara aiki a 2003. Ita ce ta wajabta wa ƙasashe auna haɗarin irin waɗannan halittu kafin a tsallaka iyaka da su ko a sake su. Dokarmu ta gida ta daɗe a majalisa, sai a watan Afrilun 2015 shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu, aka kafa hukumar NBMA mai tantance GMO a ƙarƙashin ma'aikatar muhalli ta tarayya. A 2019 aka yi wa dokar gyara don ta shafi sababbin dabaru irin na gyaran ƙwayar gado ba tare da dasa baƙuwa ba. A dokance babu mai ikon shigo da GMO, ko gwada shi, ko sayar da shi, sai da takardar izinin hukumar. Wanda ya saɓa, tarar mutum ɗaya ta fara daga naira miliyan biyu da rabi, ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun.

Hanyar hawa-hawa ce. Ana farawa a ɗakin bincike da rufaffen ɗakin raino. Daga nan sai killatacciyar gonar gwaji, mai shinge da maigadi da littafin shiga da fita, inda ake barin tazara tsakaninta da gonakin mutane, a ƙone ragowar amfanin bayan girbi, a ci gaba da zagaya filin ana tuge duk wanda ya tsiro da kansa. In ya tsallake, sai a yi gwaji a wurare da dama. A ƙarshe mai irin ya miƙa takardun neman saki, hukuma ta buga sanarwa a jaridu ta ba jama'a kwana 21 su kawo ƙorafi, kwamitocin masana su yi nazari, kuma doka ta ba ta kwana 270 ta yanke hukunci.

Izinin NBMA bai isa a fara sayarwa ba. Akwai kwamitin ƙasa mai raɗa wa iri suna da yi masa rajista, wanda ke zama a Ibadan, shi ke duba ko irin ya fi waɗanda ake da su yabanya. Sai hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, mai sa ido kan kamfanonin da ke ninka shi. NAFDAC kuma nata shi ne abincin da aka sarrafa aka ƙunshe.

Waken naka, in na gaskiya ne, sunansa SAMPEA 20-T. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ita ta samar da shi a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku, da haɗin gwiwar gidauniyar AATF mai yaɗa fasahar noma a Afirka da masu bincike na Ostareliya. An fara gwajin killace a 2009, NBMA ta ba da izini a Janairun 2019, aka yi masa rajista a Disambar shekarar, aka ƙaddamar da shi a Kano a 2021. Ƙasar Gana ma ta bi nata matakan ta saki nata waken mai ɗauke da wannan ƙwayar gado a 2024.

Abin da ake dubawa

Abin da aka dasa wa waken ƙwayar gado ɗaya ce mai aiki a kan tsutsa, daga wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa da ake taƙaita sunanta da Bt. Ba sabuwar aba ba ce. An gano ta a Japan a 1901, kuma tun 1938 manoman Faransa ke fesa ta a gona a matsayin maganin tsutsa, har yau masu noman da ba sa amfani da sinadarai suna fesa ta. Ƙwayar gadon tana sa ganyen wake da furensa da kwansonsa su riƙa yin wani furotin. In tsutsar Maruca, wadda ke shiga fure ta huda kwanso, ta ci shi, sai ya narke a cikinta, ya liƙe a wasu gurabe na bangon hanjinta ya huda shi, ta daina ci ta mutu. Sharuɗɗan nan biyu ne ba su cika a jikin mutum da akuya ba: ruwan cikinmu mai tsami ne, yana narkar da furotin ɗin kamar yadda yake narkar da na nama da ƙwai, kuma hanjinmu ba shi da guraben da zai liƙe.

Masu tantancewa ba sa karɓar wannan bayani a baki. Suna son ganin ainihin abin da aka dasa, da inda ya sauka a jikin shukar, da ko yana nan daram daga iri zuwa iri. Ana zuba furotin ɗin cikin ruwan da aka haɗa kamar na cikin mutum a ga cikin minti nawa zai narke, domin abubuwan da ke jawo borin jini galibi masu taurin narkewa ne. Ana gwama tsarinsa da na duk wani furotin da aka san yana da dafi ko yana tayar da borin jini. Ana ɗura wa ɓeraye shi da yawan da ya ninka abin da mutum zai iya ci nesa ba kusa ba. Sannan a shuka sabon waken kusa da uwarsa da ba a taɓa ba, a auna furotin da mai da sitaci da ƙarfe da sauran sinadarai, a ga ko wani abu ya gurɓace ba da niyya ba. Wannan tsari hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai tsara ƙa'idojin abinci, ce ta shimfiɗa shi a 2003. Tarayyar Turai ta ƙara da wajabta ciyar da ɓeraye na kwana 90 tun 2013.

Gwajin nan ya taɓa kama abu, shi ya sa nake ganin girmansa. A Amurka an dasa wa waken suya ƙwayar gado daga wani ɗan itacen Brazil don a ƙara masa gina jiki. Gwaji ya nuna ya kwaso borin jinin da ɗan itacen ke sa wa wasu mutane, aka wallafa sakamakon a 1996, aka binne aikin bai je kasuwa ba. A 2005 cibiyar CSIRO ta Ostareliya, wadda ita ce ta taimaka a aikin wakenmu, ta jingine wani aikin shekara goma a kan wani nau'in wake saboda ɓerayen gwaji sun nuna alamar kumburi a huhu.

Ta fuskar muhalli ana duba ƙudan zuma da ƙwarin da ke taimakon manomi, da kuma yiwuwar ƙwayar gadon ta tsallaka zuwa dangin shukar. Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, domin Afirka ce asalin wake kuma waken daji na tsirowa a bakin gonakinmu. Wake yakan barbari kansa tun kafin fure ya buɗe, don haka tsallakawar kaɗan ce, amma takan faru. Hukuncin masu nazarin shi ne ba tsutsar Maruca ce ke hana waken daji mamaye wuri ba, don haka ko ya sami kariya daga gare ta ba zai zama annoba ba. Masara kuwa iska ke ɗaukar bununinta, in gonarku na maƙwabtaka kuma kun shuka lokaci guda, sai ta yi aure da ta maƙwabci.

Maganganun majalisa

Ba na raina masu tsoro, Alhaji. Mutanen da suka ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 suna da hujjar yin tambaya. Amma maganar hana haihuwa ba ta da tushe a bincike. Tun 1996 ake noma irin waɗannan amfanin gona, kaji da shanun Amurka da Brazil da Ajantina a kansu suke rayuwa suna hayayyafa, kuma mutanen Afirka ta Kudu sun haura shekara 20 suna tuƙa tuwo da farar masarar GMO. Hotunan ɓeraye masu ƙari da ke yawo a waya daga binciken wani Bafaranshe ne mai suna Séralini na 2012. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2013, saboda ɓerayen sun yi kaɗan kuma irin waɗanda ke yin ƙari da kansu ne in sun tsufa. A 2016 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta bi ɗaruruwan bincike ba ta sami shaidar cewa waɗanda ke kasuwa sun fi na gargajiya haɗari ga lafiya ba.

Kashe ƙasa ma haka. Furotin ɗin ruɓewa yake yi tare da ganye, kuma bakteriyar da aka samo shi daga gare ta tana cikin ƙasar gonarka tun kafin a haife mu. Waken nan yana ƙara wa ƙasa taki ta saiwarsa kamar kowane wake.

Zancen ƙin tsira yana da ɗan asali. A 1998 an yi rajistar wata dabara a Amurka ta hana iri tsira a zagaye na biyu, duniya ta yi caa, aka dakatar da ita a 2000, ba a taɓa sayar da ita ba. SAMPEA 20-T yana tsira in ka ajiye. Masarar TELA, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T, ita ma tana tsira, sai dai mai aure ce, kuma kowace masara mai aure in ka maimaita 'ya'yanta yabanya raguwa take yi. Batun halacci kuwa fagen malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan ba su su yi hukunci da shi shi ne ƙwayar gadon daga bakteriyar ƙasa take, babu alade ko wata dabba a cikinta.

Inda gizo ke saƙar

Yawancin bayanan da hukuma ke nazari mai neman izinin ne ke kawo su. Haka ake yi a ko'ina, har a harkar magunguna, amma ingancin tsarin ya dogara ga ko mai dubawa na da ɗakunan gwaji da ma'aikata da kuɗin da zai sake auna abin da aka kawo masa, da kuma ƙarfin halin cewa a'a. Masu suka irin su ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF ta Nnimmo Bassey sun daɗe suna nuna cewa hukumar bunƙasa fasahar halittu ta ƙasa, wadda aikinta tallata wannan fasaha ne, tana da kujera a majalisar gudanarwar NBMA. A nan ina ganin suna da gaskiya, mai talla bai kamata ya zauna a teburin alƙali ba. Kwana 21 na ƙorafi kuma, a jaridar Turanci ake sanarwa, takardun da Turancin masana suke, to ina manomin Goronyo zai gan su? A 2024 majalisar wakilai ta nemi a dakata da shigo da sababbi har ta gama bincike, abin da ke nuna ko a Abuja ba a gama gamsuwa ba.

Kuma gwajin lafiya ba ya amsa kowace tambaya. Burkina Faso ta karɓi audugar Bt a 2008. Ba ta cutar da kowa ba, tsutsa ta ragu, amma zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, ƙasar ta watsar da ita a 2016. Tsutsa ma ba ta zama wuri ɗaya. A Afirka ta Kudu mai huda karan masara ta saba da Bt cikin shekaru ƙasa da goma, a Indiya jar tsutsar auduga ta yi haka. Maganin wannan shi ne a bar wani yanki na gona da irin da ba Bt ba, domin tsutsotsin da ba su saba ba su rayu su yi ta barbara da masu taurin kai. Takarda ta faɗi haka. Wa ke bin gona-gona ya tabbatar an yi? Malamin gona ɗaya ne ke riƙe da dubban manoma. Waken da aka saki ƙwayar kariya ɗaya gare shi, shi ya sa masu binciken ke aikin ƙara masa ta biyu.

Abin ya yi kama da kwata: likitan dabbobi na duba saniyar da aka kawo masa da kyau, amma naman da aka yanka a bayan gari bai taɓa ganinsa ba. Ƙa'idar Najeriya ta ce a sa alama a kan kayan da GMO ya haura kashi 4 cikin ɗari a cikinsu, Turai ma kashi 0.9 ta sa. Wannan na aiki a kan kwali da gwangwani. Waken da ake aunawa da kwano a Achida ko Illela, ko ƙosan da ake soyawa a bakin titi, ina za a liƙa masa alama? Buhu kuma in ya kama hanyar Ƙonni ta Nijar babu mai tambayarsa takarda. Amurka da duk ƙarfinta ta ga haka a 2000, lokacin da masarar StarLink da aka amince da ita don dabbobi kawai ta ɓulla a abincin mutane.

A aikina na malamin gona, matsalar da na fi cin karo da ita ba ta dafi ba ce, ta jabun iri ce da gurguwar fahimta. Na ga wake na kasuwa da aka rina aka ƙulla a leda aka sayar da sunan mai maganin tsutsa. Na kuma ga manomin da ya sami na gaskiya, aka ce masa ba ya son feshi, ya rataye famfonsa, ƙananan ƙwarin fure da masu tsotse kwanso suka gama da gonar, ya dawo yana cewa an cuce shi. Iyakar abin da zan iya shaida kenan da idona: yadda shuka ke yi a gona. Abin da ya shafi jikin mutum, a kan binciken likitoci da masana abinci na dogara, kamar kowa.

Ledar da ke hannunka

Ka fara da tabbatar da irin. Ka tambayi yaronka a ina ya saya, a cibiyar Samaru ko wurin kamfanin iri mai rajista. Ka duba ko an rubuta SAMPEA 20-T, da sunan kamfani, da tambarin NASC mai wurin kankarewa, wanda ake tura lambarsa ta waya a sami amsa. In leda ce fara babu rubutu, ka ɗauke shi wake kawai.

In ya tabbata, shawarata kada ka ba shi gona duka. Ka ware masa 'yan kunyoyi, ka shuka naka na gado a gefe, ka ga bambanci da idonka, wannan kuma shi ne yankin da tsutsa za ta fake. Yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75, abin da ya dace da gajeriyar daminarmu, kuma yana jure wuta-wuta. Feshi ba a daina shi ba, raguwa ya yi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu, lokacin fure da lokacin da kwanso ke cika, saboda sauran ƙwari. Ka lura da harawa, domin ba ya yaɗo kamar namu na gargajiya, kuma mai tumaki a Sakkwato ya san kuɗin harawa a watan bazara. Irinka na gado kuma ka ci gaba da ajiye shi daban, kada ya cakuɗe a masussuka.

Kariyar ba ta bin wake zuwa rumbu. Ƙwaron ajiya zai huda shi kamar kowane wake, kuma a nan ne haɗarin da aka tabbatar yake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a cikinsa, wato dangin fiya-fiya da wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa buhu. Ka busar da shi sosai, ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, ko ka sa a jarka ko duro mai murfin da ba ya shan iska, kada a buɗe sai an tashi amfani da shi.